Yadda Ake Ɗumama Baƙin Man Motar Gudu Kafin a Taka Ta

Akwai wani sauti da nake ji da sassafe wanda yake sa gabana ya faɗi. A tayar da mota mai ƙarfi, injin bai yi daƙiƙa biyar da kamawa ba, sai mai ita ya danna totur sau uku a jere, har tagogin maƙwabta su amsa. In ka tambaye shi, ya ce ɗumama ta yake yi. A daidai wannan lokacin kuwa, baƙin man da ya kwana a gindin injin ko gama zagayawa bai yi ba.

Na taɓa ganin ƙarshen wannan ɗabi'a da idona. Wani abokina ya sayi wata motar gudu mai ƙofa biyu, ta hannu amma tsaf take, bai cika shekara da ita ba ta fara ƙwanƙwasa daga ƙasa. Muka je gareji ranar da aka sauke injin. Bakaniken, dattijo ne mai furfura, ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya jera waɗannan ƙarafan masu siffar jinjirin wata da suke rungume karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a gindin inji), waɗanda makanikai ke kira metal. Fuskarsu ya kamata ta kasance ruwan toka, sumul. Waɗannan kuwa sun goge har jan ƙarfen da ke ƙasa ya fito, wasu da zane-zane kamar an ja ƙusa a kai. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a rana, ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Da sanyinta kake taka ta." Abokina ya ce ai kullum sai allurar zafi ta hau tsakiya yake ba ta wuta. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Wannan allurar ta ruwa ce, ranka ya daɗe. Mai daban, ruwa daban."

Duk abin da zan faɗa a nan yana rataye ne a kan wannan magana tasa.

Abin da ke faruwa a ciki

Karanshaf ba ya zaune a kan metal kai tsaye. Yana yawo ne a kan wani ɗan siririn fatar mai da famfo ke tura wa tsakaninsu, kuma ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba ta kai kaurin gashin kai ba. Injiniyoyin da suka zana injin sun auna wannan rata ne da lissafin man da ya yi zafi, wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyos, lokacin da ya tsinke yana gudu kamar man gyaɗa a kasko. Mai mai sanyi yana da kauri. Ba ya shiga ƙananan hanyoyi da sauri, ba ya fita da sauri, kuma in ka tilasta wa inji juyi dubu bakwai a minti alhali man bai tsinke ba, akwai wuraren da abin da suke samu ba zai ishe su ba.

Nan ne mutanenmu suke cewa, ai wannan maganar Turawa ce masu ƙanƙara, mu ƙasar zafi muke. To duba lissafin. Man da aka rubuta wa 5W-40, kaurinsa a digiri 40 ya kai wajen ninki shida na kaurinsa a digiri 100. Digiri 40 kuwa shi ne zafin Kano ko Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da mutum ke neman inuwa ido rufe. Abin da yake zafi mai tsanani a jikinka, a wurin inji sanyi ne. Balle safiyar hunturu a watan Janairu, ko garin Jos, inda kaurin zai ninka fiye da sau goma. Zafin ƙasarmu yana rage maka mintunan jira, amma bai ɗauke maka su ba.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba game da filta. A cikinta, ko a mazauninta, akwai wata ƙofar ko-ta-kwana da ke buɗewa idan mai ya kasa ratsa takardar tacewa da sauri, don kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. Mai mai kauri da juyi mai yawa su ne daidai abin da ke buɗe wannan ƙofa. Wato lokacin da ka taka mota da sanyinta, mai yiwuwa man da ke zuwa wa metal ɗinka bai bi ta tacewa ba, da ƙurarsa da ɓurɓushin ƙarfensa.

Su ma ƙarafan suna bukatar lokaci. Fistin na alminiyom ne, kuma alminiyom yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. An ƙera komai ne don ya zauna daidai bayan ya ɗau zafi. Motocin gudu da yawa, musamman waɗanda aka sa musu fistin na bugu, wato wanda aka ƙera da matsi maimakon zubi, da gangan ake barin rata mai ɗan yawa, shi ya sa kake jin ɗan kas-kas da safe wanda ke ɓacewa bayan wasu mintuna. Injin tseren Formula 1 ya kai matuƙa a wannan: ba a ma tayar da shi da sanyi, sai an zagaya masa ruwa mai zafi daga waje tukuna.

Masu ƙera motocin sun san da haka, wasu har suka rubuta shi a gaban direba. BMW M3 ƙirar E46, wadda aka yi daga 2000 zuwa 2006, injinta yana kaiwa juyi 8,000, amma in ka tayar da ita da safe za ka ga fitilu sun kunnu a gefen agogon juyi tun daga wajen tsakiya, suna gaya maka iyakarka. Yayin da mai ke ɗaukar zafi sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Honda kuma ta hana VTEC ɗinta, wato tsarin da ke ƙara wa inji ƙarfi idan juyi ya yi sama, shiga har sai inji ya ɗumama, har da S2000 ta 1999 mai kaiwa juyi 9,000.

Kafin ka murɗa makulli

Ɗumamawa ba ta da amfani idan man da ke ciki bai kai ba, ko ba shi ne ya dace ba. Ka tsayar da motar a wuri miƙaƙƙe, ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ranar da ka san za ka taka ta, ka tabbata mai yana kusa da layin sama, amma kada ya wuce shi, don in ya yi yawa karanshaf zai riƙa kaɗa shi yana kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Wasu motocin ba su da geji sam, sai dai ka karanta a allo. Tsohuwar Porsche 911 mai sanyaya da iska tata dokar daban ce: tankin manta a gefe yake, yana cin fiye da lita goma, kuma ana auna shi ne inji yana aiki bayan ya yi zafi. Ka duba littafin motarka ka ga wane ne naka.

Lambar mai ma littafin ne zai gaya maka. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda mai ke gudu da sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin zagayawa. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100. Toyota GT86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ an yi su ne don 0W-20. M3 ɗin da na ambata, da wadda ta biyo bayanta mai silinda takwas, 10W-60 suke sha, mai kauri sosai, kuma shi ya sa su ne suka fi kowa bukatar haƙuri da safe. Kada ka yarda a juye maka 20W-50 don kawai shi ake zuba wa kowace mota a garejin. Kuma ka sayi mai a inda ka amince da shi, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, don jabun mai ya yi yawa a kasuwa, wani ma tsohon mai ne aka tace aka mayar a roba mai kyau.

Sai babbar matsalar da ta fi damuna: cire tamostat. Makanikai da yawa a ƙasar nan, da zarar mota ta shigo daga waje, sai su ce a cire shi, a haɗa fanka dairek, wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. Wannan kuskure ne. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, wajen digiri 80 zuwa 95 gwargwadon mota, sannan ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi, ruwa na zagayawa tun daga daƙiƙar farko, inji ya daɗe bai ɗau zafi ba, a kan babbar hanya da dare ma yana iya komawa sanyi kana cikin tafiya. Kwamfutar motar kuma, da take ganin inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba fetur fiye da kima. In ka ga allurar ruwa tana sauka idan ka hau doguwar hanya, ko fanka na kamawa da zarar ka kunna makulli, ka je a duba. A mayar da tamostat kafin ka yi maganar gudu.

Ka san inda za ka karanta zafin mai

Ka nemi alamar butar mai da ɗan ma'aunin zafi a jikinta. A wasu motocin agogo ne na kansa, a wasu kuma yana ɓoye a cikin allo, sai ka danna maɓallin sitiyari ka lalubo shi. Nissan GT-R ta 2007 zuwa sama har zafin man giya take nunawa. In motar daga Amurka ta zo, mai yiwuwa da Faranhait take ƙirga: 180 a can shi ne wajen 82 a namu, 212 shi ne 100, 250 kuma wajen 121.

In babu ko ɗaya, akwai wata 'yar na'ura mai araha da ake sokawa a kafar OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. Ba kowace mota ce ke ba da zafin mai ta nan ba, amma gwadawa ba ta da tsada. Wanda zai riƙa taka mota a kai a kai, ni shawarata ya sa a ɗaura masa agogon zafin mai na musamman. Kuɗinsa bai kai na metal saiti ɗaya ba, balle na karanshaf.

Abu biyu kada su ruɗe ka. Shuɗiyar fitilar da ke kunnuwa da safe a wasu motocin Japan ta ruwa ce, kuma tana mutuwa tun ruwan ma bai kai cikakken zafinsa ba. Allurar ruwa kuma a motocin zamani an daidaita ta ne ta zauna a tsakiya cikin tazara mai faɗi, don kada direba ya tsorata da kowane motsi.

Tayarwa

Ka tayar ba tare da ƙafarka ta taɓa totur ba. Motocin yanzu ba na kafireto ba ne, kwamfuta ce ke auna komai. Ka zuba wa jar fitilar butar mai ido: ya kamata ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ta daɗe, ko ta ƙi mutuwa, ka kashe inji nan take, kada ka ce bari na gani.

Injin zai fara da ɗan sama, sama da juyi dubu ɗaya, da ƙara mai kauri. Da gangan yake yi don ya ɗumama tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ka ba shi rabin minti zuwa minti ɗaya. Lokacin da za ka ɗaura bel, ka gyara madubi, ka yi addu'ar hawa abin hawa, ya isa. Da hunturu ka ƙara minti ɗaya in kana so. Sannan ka sa giya ka tafi.

Na san wannan ya saɓa wa abin da muka taso muka gani, inda ake tayar da mota a bar ta tana silo minti ashirin a ƙofar gida ana shan shayi. Wancan ya samo asali ne daga zamanin kafireto da cok, lokacin da mota ke mutuwa in ba ta ɗumama ba. A injin yau, doguwar tsayuwa ita ce hanya mafi jinkiri ta ɗumamawa, don inji ba ya ɗauke da kaya, wutar da yake yi kaɗan ce. Duk tsawon lokacin nan fetur na shiga da yawa, wani ba ya ƙonewa, yana wanke man da ke bangon silinda, yana silalewa ta gefen ringi zuwa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Tururin da ƙonewar fetur ke haifarwa shi ma yana taruwa ya zama ruwa a cikin mai. Ka tsawaita lokacin da inji ya fi lalacewa ke nan, kana zaton tausaya masa kake yi. Kuma giya, da aksul, da tayoyi, da birki, duk suna nan da sanyinsu, don tsayuwa ba ta ɗumama su. In a rufaffen gareji ne kuwa, hayaƙin yana kisa, gubar da ke cikinsa ba ta wari kuma ba a ganinta.

Mintunan farko a kan hanya

Nan ne ainihin aikin yake. Ka riƙe allurar juyi tsakanin 2,000 da 3,000. Ƙafarka kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na totur. Ka canza giya da wuri, a hankali, ba fizga. In otomatik ce, ka bar ta a tsarin tafiyar yau da kullum, kada ka danna Sport tukuna, don shi yana riƙe giya ne ya kai juyi sama.

Amma akwai kuskure na ɗaya ɓangaren, kuma masu taka-tsantsan ne suka fi faɗa masa. Mutum ya ji an ce kada juyi ya yi yawa, sai ya jefa mota a giya ta shida tana tafiyar kilomita hamsin, juyi ya sauko dubu ɗaya da ɗari biyu, ya iso hawan gada ya danna totur. Za ka ji motar tana rawa tana gurnani. Wannan ya fi juyi dubu uku illa, don kowace fashewar fetur tana sauka a kan metal kamar guduma, alhali famfon mai, wanda da juyin inji yake tafiya, yana turowa a hankali. In ka zo hawa, ka sauko da giya ɗaya, ka bar inji ya yi numfashi. Nauyin ƙafa shi ne abin tsoro, fiye da lambar da ke kan agogo. Ga ƙananan injuna masu turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, wannan danniyar tana iya sa fetur ya fashe kafin lokacinsa har ya fasa fistin. Saboda ita aka fito da ma'aunin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020, don haka mai irin wannan inji ya duba waɗannan haruffa a jikin galan.

Mai turbo ya ƙara kiyayewa. Sandar da ke cikinta tana juyi fiye da sau 100,000 a minti, kuma a kan mai take yawo ita ma. In kana da agogon bus, wato mai nuna matsin iskar da turbo ke turawa, ka hana allurar hawa. In ba ka da shi, kunnenka ya isa: da ka ji feɗuwar nan ta fara, ka sassauta.

Bayan minti biyar zuwa takwas za ka ga allurar ruwa ta zauna a tsakiya. Wannan ita ce gaɓar da abokina ya riƙa faɗuwa. Ruwa yana zagaye ne da kan silinda inda wuta take, kuma tamostat ya tare shi a ƙaramin zagaye, don haka yake saurin zafi. Mai kuwa lita biyar ne, ko takwas, ko fiye, yana komawa kwanon ƙasa inda iskar hanya ke bugunsa, wasu motocin ma da lagireton mai na daban. In kana da agogon mai ka kalle shi a wannan lokacin: sau da yawa za ka tarar bai wuce digiri 50 ko 60 ba. Ka ci gaba da tafiyarka kamar ba abin da ya canza.

Hawa tsani

Idan mai ya kai wajen 70, kana iya sakin hannu kaɗan: juyi har 4,000 ko 4,500, totur rabi. Ka bar inji ya hau a hankali ya sauko a hankali. Wannan ɗan ƙarin aikin shi ne zai ƙarasa ɗumama man da sauri.

Daga 80 zuwa sama ne ake fara maganar takawa, ni kuwa na fi son in ga 90 kafin in kai allura kusa da ja, musamman in man mai kauri ne irin 10W-60. Ko a nan ma kada ka yi tsalle ɗaya. Ka ja ta sau ɗaya zuwa dubu biyar ka saurara. Ka sake ja zuwa dubu shida. Kunnenka na kan inji, idonka na kan agogo, hancinka ma yana aiki. In komai lafiya, to ta shirya. Waɗannan lambobi ƙa'idar masu harkar ce ta gaba ɗaya. In littafin motarka ko fitilun agogonta sun faɗi wani abu daban, nasu za ka bi.

Mai agogon matsin mai yana da ƙarin shaida. Da sanyi za ka ga matsin ya yi sama ko da inji na silo, kuma wannan ba alamar lafiya ba ce, alamar kauri ce. Idan ka tsaya a danja ka ga ya sauko ya zauna ƙasa, to man ya tsinke. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a samu aƙalla psi 10 (psi shi ne ma'aunin matsi) ga kowane juyi dubu ɗaya bayan inji ya yi zafi.

Wanda ba shi da agogon komai sai na ruwa, ga hanya mai sauƙi: ka lura da mintunan da allurar ruwa ta ɗauka kafin ta kai tsakiya, ka ƙara kamarsu kana tafiya. In ta ɗauki bakwai, ka ƙara bakwai. A taƙaice minti goma sha biyar na tafiya ta gaske, da hunturu ashirin. Tsayuwa a cunkoso ba ta shiga lissafi sosai, don tana ɗumama ruwa ne fiye da komai.

Kafin ka ba ta wuta, ka tuna da sauran jiki. Giyar hannu za ta gaya maka da kanta: da safe tana da tauri, musamman ta biyu, in man giya ya ɗumama sai ta riƙa shiga kamar wuƙa a man shanu. Ka taka birki sau uku ko huɗu da ɗan ƙarfi inda ba kowa a bayanka. Tayoyin gudu ba sa kama kwalta sosai sai sun ɗau ɗumi, kuma ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan titi tana ƙara musu santsi. Iskar taya da safe ake aunawa, kafin a motsa.

Dole in faɗi wannan, don na halarci jana'izar da ba ta kamata a yi ba. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanyar Najeriya kilomita 100 ce a awa. Motar da ta ɗumama daidai ba ta san yaron da zai tsallaka titi da tallan gyaɗa ba. Wasan mota a tsakiyar jama'a ranar ɗaurin aure, inda ake tayar da motar da ta yini a ajiye a hau juya ta nan take, ya haɗa ɓarna biyu, ta inji da ta rai. Takawa ta gaske wurinta fili ne da aka killace.

Idan zafin ya wuce

Mai yana aikinsa mafi kyau tsakanin 90 da 110. In kana takawa sosai, ganin 115 ko 120 ba abin tashin hankali ba ne ga man sintetik mai kyau. Amma in allura ta doshi 130, ka ɗaga ƙafa, ka hau giya ta sama, ka ci gaba da tafiya a hankali iska ta yi aikinta. Kada ka tsaya cak ka kashe, don da ka kashe komai ya daina zagayawa, zafin ya taru wuri ɗaya. A nan ne zafin ƙasarmu yake da magana ta gaskiya: a watan Afrilu, da na'urar sanyi a kunne, za ka isa wannan iyaka da wuri fiye da mai irin motarka a Jamus. Ka sa a riƙa wanke ƙurar da ke toshe fuskar lagireto da ta lagireton mai.

Saukowa

Yadda ka hau a hankali, haka za ka sauko. Minti biyar na ƙarshe kafin ka isa, ka koma tafiyar dattawa, juyi ƙasa da dubu uku, birki kaɗan-kaɗan. In ka iso, mai turbo ya bar ta ta yi silo minti ɗaya ko biyu. Bayan gudu mai tsanani gidan turbo yana iya yin ja kamar garwashi, in ka yanke mai nan take, ɗan wanda ya rage a kan sanda sai ya soye ya zama gawayi, a hankali ya toshe hanyar. Motocin zamani da yawa suna da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe, shi ne ƙarar da kake ji tana fita daga bonet, amma wannan taimako ne kawai. Kuma kada ka danna totur kafin ka kashe, kamar yadda wasu ke yi wai don batir: kana ƙara wa turbo gudu ne daidai lokacin da za ka ɗauke mata mai. In birki ya yi zafi ƙwarai, ka ajiye ta a wuri miƙaƙƙe ka bar ta a giya, kada ka ja birkin hannu har ya huce.

In ka tsaya salla ko cin abinci na minti ashirin ko rabin awa, man bai huce sosai ba, minti biyu ko uku na tafiya a hankali sun isa. In ta yi awa uku ko huɗu a ajiye, ka ɗauke ta kamar safiya ce, ka faro daga farko.

Motar gudu a gidajenmu sau da yawa ba ita ce ta zuwa aiki ba. Tana lulluɓe da tamfol, ana fito da ita Juma'a a je masallaci a dawo, tafiyar minti biyar. Irin wannan mota manta ba ya taɓa kaiwa zafin da zai kore ruwa da fetur ɗin da suka taru a ciki. Ka buɗe murfin zuba mai ka duba ƙarƙashinsa: in ka ga wani abu fari-fari mai kama da kindirmo, ko geji yana warin fetur, alamar ke nan. Ka fitar da ita aƙalla sau ɗaya a mako biyu, ka yi tafiyar rabin awa bayan mai ya kai 90. In farin abin bai ɓace ba, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to a duba gasket. Juye kuma ka yi shi da lissafin watanni, kada ka jira maleji ya cika, kuma ka sa bakanike ya yanka tsohuwar filtar ya buɗe takardar a rana. In ka ga ƙyalƙyalin jan ƙarfe a cikin ninkinta, metal ne ya fara ci, kuma in an gano da wuri, mai yiwuwa canza shi kaɗai ya wadatar kafin karanshaf ya taɓu.